Dutsen da Kaka Ta Baro a Kan Tebur

Kakata, mahaifiyar uwata, ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Kowa a gidanmu na Sharafiyya ya san haka, amma ba wanda yake faɗa da ƙarfi. Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka shigo da ita Jidda ta hanyar Sudan, daga wani ƙauye na ƙasar Adar da ita kanta ba ta iya kwatanta inda yake. A nan ta girma, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta. Da kafilinsu, Balaraben da ya tsaya musu, ya rasu sai takardarta ta mutu. Babana ya yi ta sintiri a kan gyaranta shekara da shekaru, abin bai yiwu ba. Saboda haka duniyar Kaka ta tsaya a layi uku na unguwarmu. Idan aka kama ta, tarhil za a kai ta, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa ta a jirgi zuwa inda ba ta san kowa ba.

Ni ce na fitar da ita daga layukan nan uku, kuma a kan soyayya na yi.

A Kano na yi makaranta, a hannun dangin babana. Na dawo Jidda da akwati guda, rabinsa littattafan soyayya na kasuwa ne, wasu bangonsu ya yage don aro. A cikinsu na koyi yadda ake haɗuwa da masoyi. Ƙamshin turarensa ne zai fara isowa, sannan shi, cikin farar shadda, ya yi magana ɗaya wadda yarinya za ta kwana bakwai tana juyawa a ranta. Wanda ya zo nemana kuwa ɗan unguwar Ruwais ne, haifaffen Jidda, jikan alhazai kamar mahaifiyata, sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Hausarsa a karye take. Ya zo gidanmu sau ɗaya, babana na zaune a tsakaninmu, ba mu yi kalma goma ba. Na ce ni ba zan amsa ba sai na ji yadda yake magana idan ba a tsare shi da ido ba. Babana ya yarda mu fita sau ɗaya, da rana, da sharaɗin babba ya raka mu. Ranar Asabar ce kaɗai yake da hutu, mahaifiyata kuwa ranar tana aiki.

Kaka ta ƙi da farko.

"Ni da rabona da kasuwar Bab Makka shekara huɗu? Ki nemi wata."

"Daga ƙofa zuwa ƙofa ne, Kaka, a motarsa. Wa zai tambayi tsohuwa takarda a gidan kallo?"

Kwana uku ina mata tausar ƙafa ina maimaitawa. A na huɗu ta ce in goge mata abayarta.

Shi ya zaɓi wurin, wani gidan tarihi na duwatsu da ƙasusuwan halittun da, don ya taɓa yi musu gyara ya ga babu cunkoso, kuma ba inda 'yan unguwa za su gan mu su ɗauki magana. A bakin ƙofa akwai littafin baƙi. Ya rubuta sunansa da lambarsa, ya ƙara da cewa yana tare da iyali mutum biyu. Mai gadin bai ko ɗaga kai sosai ba. Na matse hannun Kaka, na ji tafinta a jiƙe.

Ciki da sanyi da shiru, fitilu ƙanana a kan akwatunan gilashi. Ban taɓa ganin irin abin ba. Ga gungumen itace da ya zama dutse, har da zanen ɓawonsa. Ga haƙora masu tsawon yatsa a jere a kan baƙin ƙyalle. Ga ƙashin bayan wata dabbar teku, gaɓa ɗaya ta kai turmi. Kaka ta manta da tsoronta kaɗan, ta tsaya gaban wani falalen dutse da kifi ya kwanta a ciki, kowace ƙayarsa a fili kamar matsefi.

"Wannan banda ce da ta wuce miya," in ji ta. Ta juya ga saurayin. "Kai angona, nan ka kawo mu cin abinci?"

Ya yi dariya, ya ce, "Bayan nan akwai kifi, Kaka, mai laushi, wallahi."

Ni kuwa wani falalen na tsaya kallo, mai kifi biyu ƙanana da suka fuskanci juna, bakinsu ya kusa haɗuwa. Ya karanta mini rubutun Larabcin da ke ƙasa, cewa laka ce ta rufe su tun kafin a yi mutane a doron ƙasa. Zuciyata ta narke. Na ce a hankali, ina kallon gilashin ba shi ba, "Ka ga, tare mutuwa ta same su, kuma har yau ba su rabu ba."

Na jira maganar da zan kwana bakwai ina juyawa. Ya karkata kai yana sauraron wani abu a sama, ya ce injin sanyin ɗakin nan ba zai kai ƙarshen bazara ba, yana jin ƙararsa.

A ƙarshen zauren akwai wani tebur da ba gilashi a kansa. An rubuta cewa waɗannan an yarda baƙi su taɓa. Cikin wani faranti mai faɗi an zuba wasu duwatsu kewayayyu, girman ƙosai, launin ƙasa, kowanne da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansa. Kaka na ganinsu ta tsaya cak.

Dole in faɗi abin da ke cikin jakarta. Tun da na san Kaka tana da wani dutse ɗaure a cikin hankici, tare da goronta da carbinta. Mahaifiyarta ce ta tsince shi a gona a can Adar, ta ratso Sudan da shi a bakin zane. Shi kaɗai ya rage daga kayan da suka taho da su. Idan mace ta fara naƙuda a unguwarmu, kafin a nemo mota sai a aiko wa Kaka. Ta goga dutsen a bayan tasa da ɗan ruwa, ta yi addu'a, a ba mai naƙudar ta kurɓa. Gogar shekaru ta cinye gefensa ɗaya ya zama sumul. Ni ma da ruwansa aka haife ni. Ba ta zuwa ko bakin layi ba tare da shi ba.

Ta kwance hankicin, ta fito da shi, ta ajiye a cikin farantin. Ba ka bambance shi da sauran sai ka juya shi.

"Ikon Allah," ta ce can ƙasa. "Ashe yana da dangi."

Ta daɗe tana kallonsu. Daidai lokacin saurayin ya matso kusa da ni, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, tun ranar da ya zo gidanmu yake mantawa da kayan aiki a gidajen mutane. Kunnuwana suka ɗauki zafi. Da gefen ido na ga Kaka ta ɗauki dutsenta, ta ɗaure, ta jefa a jaka. Ban ga komai a cikin haka ba. Nata ne.

A bakin ƙofar fita mai gadin ya miƙe ya tare hanya.

"Ya hajja, buɗe jakar."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ga hannunta daga faranti zuwa jaka. Saurayin ya fara yi masa bayani da Larabci, mai gadin ya ɗaga hannu, ya yi magana a cikin rediyon da ke kafaɗarsa, ya ce wata tsohuwa ta ɗauki abu daga teburin taɓawa. Sannan ya nuna mana wata ƙofa a gefe.

Kafin mu shiga na raɗa wa Kaka da Hausa, "Kada ki ce komai. Ki yi kamar ba ki jin Larabci."

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, taga ɗaya. Ta tagar ina hango titi, da motar 'yan sanda a fake a ƙarƙashin inuwa can bakin babbar ƙofa. Wataƙila kullum a nan take tsayawa. Ni dai na kasa ɗauke ido daga kanta. Mai gadin ya kwance hankicin, ya ajiye dutsen a tsakiyar tebur.

"Jakata ce," na ce. "Ita ta riƙe mini. Dutsen nawa ne, daga gida muka zo da shi." Na fito da iƙamata na ajiye.

Ya dubi katin, ya tura mini abina da ɗan yatsa. "Ke ban gan ki ba. Ita na gani, ita na faɗa wa shugabana."

"To a duba kyamara," in ji saurayin. "Za ka ga ta fito da shi daga jaka kafin ta mayar."

"Babu laifi. Sai na buɗe rahoto kafin a duba. In buɗe rahoto sai da iƙamar hajja."

Saurayin ya san halin da Kaka take ciki, babana bai ɓoye masa ba. Na dube shi ina jiran ya yi abin da mazan littafi suke yi, ya daki tebur, ko ya kira wani babba a waya. Yana tsaye kawai, gumi na tsattsafo masa a saman leɓe cikin wannan sanyi.

Aka ƙwanƙwasa, wani dattijo ya shigo, mai farin gemu da tabarau rataye a wuya. Mai gadin ya kira shi duktur. Shi ne mai kula da duwatsun. Ya yi mana sallama da ladabi, ya ɗauki dutsen, ya juya shi, ya tsaya a kan gefen da ya sulɓe. Ya shinshina. Ya ciro wata 'yar wuƙa daga aljihu zai kankare bakinsa.

"Kada ka taɓa shi da ƙarfe, ɗana."

Kaka ce. Da Larabcin Jidda tsantsa, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mai gadin ya dube ta, ya dube ni.

Dattijon ya mayar da wuƙar. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya tambaye ta labarin dutsen. Ta faɗa masa duka, gonar, da Sudan, da matan da aka haifa wa 'ya'ya da ruwansa. Yana sauraro yana gyaɗa kai. Ya ce wannan bushiyar teku ce, wata halitta mai ƙaya da ke zama a ƙasan ruwa, ta mutu ta zama dutse. Ya ce a wani zamani teku ya taɓa rufe ƙasar iyayenta.

"Teku a Adar?" in ji Kaka. "Uwata ta ce kafin ka ga ruwa a rijiyar garinsu sai igiya ta ƙare an ƙulla wata."

Dattijon ya yi dariya sosai. Ya ce wa mai gadin wannan ba nasu ba ne, nasu ba wanda ya goge haka, kuma nasu ba sa ƙamshin goro. Numfashina ya dawo. Har na kai hannu ga jakar.

"Sai dai ƙa'ida," in ji shi. "Na kan teburin nan ba su da lamba, don haka irinsu ba ya fita ta ƙofar nan sai da takarda. Abu mai sauƙi. Zan rubuta cewa naki ne, in sa hannu. Kawo iƙamarki, ya hajja, minti biyar kin tafi da abinki."

Ya faɗa yana murmushi, ya zaro alƙalami. Taimakonmu yake yi.

Kaka ta jawo jakar kan cinyarta. Ta fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tebur. Goro a cikin leda. Carbi. Kwalbar man zafi. Makullin ɗaki. Ta zura hannu har ƙasa tana lalube a jakar da na san babu sauran komai a cikinta. Ina jin ƙarar injin sanyin nan da ya ce zai mutu.

"Na baro ta a gida," ta ce.

"Faɗi lambar, ya isa," in ji mai gadin.

"Ban haddace ba."

"To babu damuwa. Waɗancan suna da na'urar yatsa." Ya nuna motar da haɓa. "Ta ɗora yatsa, sunanta ya fito, shi ke nan."

Ya kai hannu ga rediyonsa. Na ga Kaka a cikin jirgi ita kaɗai da abayar da na goge mata. Na ga kaina ina faɗa wa mahaifiyata.

"Dakata, ɗan'uwa," in ji saurayin. Ya juya ga dattijon, kansa a ƙasa. "Duktur, ka yafe mana. Ƙarya muka yi don kunya. Dutsen naku ne. Tsohuwa ce, kanta ya fara juyewa, duk abin da ta gani ya yi mata kyau sai ta sa a jaka, ta ƙirƙiro masa labari. A gida ma haka take yi da cokula. Ga abinku, ba mu fita da shi ba. Ku bar mu mu kai ta gida ta sha magani."

Da a ce akwai abu a hannuna da na jefe shi da shi. Kakata, wadda ko allurar maƙwabta ba ta kwana a ɗakinta.

Dattijon ya ɗago kai. Ya dubi saurayin, ya dubi kayan da ke jere a tebur, ya dubi jakar da ta zama fanko. Ya leƙa taga. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya rufe alƙalaminsa.

"Haka ne, ya hajja?"

Kaka ta dubi dutsen. Hannun mai gadin na nan a kan rediyo.

"Haka ne," ta ce. "Na tsufa."

"To ni ne na yi kuskure," in ji dattijon, yana kallon mai gadin ido cikin ido. "Namu ne. Baƙuwa ta ɗauka bisa mantuwa, ta mayar kafin ta fita. Wannan ba ya buƙatar takarda. Faɗa wa shugabanka an gama."

Mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya yi maganar a rediyo. Kaka ta mayar da kayanta cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki hankicin, ta ninke shi huɗu. Dattijon ya riƙe dutsen da hannu biyu ya raka mu har ƙofa. A nan ta tsaya, ba ta dube shi ba ta ce, "Kada a sa shi a baki-baki. Yara za su yar da shi."

"A tsakiya zan sa shi," in ji shi.

Muka wuce ta gaban motar 'yan sandan. Ɗaya yana shan shayi, ɗayan yana duba waya. Ba wanda ya kalle mu.

Ba a je cin kifi ba. Saurayin ya mayar da mu Sharafiyya kai tsaye. Sai da ya tsaya a ƙofar gidanmu Kaka ta yi magana daga kujerar baya.

"Ka mai da ni ɓarauniya. Ka mai da ni mahaukaciya."

"Na'am, Kaka." Bai juyo ba, hannayensa na kan sitiyari. "Amma ɓarauniya yau tana kwana gida."

Ta fita ta rufe ƙofar motar a hankali.

Mako uku ban amsa wayarsa ba. Na kwashe littattafaina na tura ƙarƙashin gado, ina jin haushinsu, ina jin haushinsa, na fi jin haushin kaina. Kaka ba ta taɓa cewa ni na jawo ba, ko sau ɗaya, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Sau biyu aka aiko daga gidan masu naƙuda. Ta je da hannu wofi, ta yi addu'a a ruwan zamzam, ta dawo ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Wata safiya ina tsefe mata kai ta ce, "Ki kira yaron nan. Ni ban yafe masa ba tukuna, amma ke ki kira shi."

Aka ɗaura aure bayan babbar salla. Shekara guda cur ba ta sake ce masa angona ba. In ya gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau, mai cokula."

Da cikina na fari ya shiga wata tara, ta kira ni ɗakinta. Ta ciro hankicin nan, har yanzu a ninke huɗu, ta jiƙa shi da ruwa, ta sa a leda ta miƙo mini.

"Sun ce an yarda a taɓa, ko ba haka ba?"

Mijina ya kai ni. Mai gadin wani ne daban. Na wuce kifayen nan biyu ban tsaya ba. A kan teburin wasu 'yan mata 'yan makaranta suna ta juya duwatsun suna dariya, na jira suka tafi. Yana tsakiyar farantin. Na juya shi na ga gefen da ya sulɓe. Ƙamshin goron ya tafi. Mijina ya tsaya a bayana yana kallon silin kamar mai sauraron inji, ni kuwa na shimfiɗa jiƙaƙƙen hankicin a tafina, na goga dutsen a kai sau bakwai yadda take yi, na mayar da shi inda yake. Na buɗe hannuwana duka biyu a fili har muka fita.

Kaka na zaune a bakin ƙofar ɗakinta da tasa a gabanta. Ta karɓi hankicin, ta tsoma a ruwa, ta matse.

"Yana tsakiya?"

"Yana tsakiya, Kaka."

Ta rufe tasar da faifai, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce wa mijina ya zauna, ai ba a tsaye ake cin abinci a gidan nan ba.